Katin Asibitin Baba Tela

Kullum da safe, kafin Akawu ya rataya jakarsa ya tafi ofis, sai ya shiga ɗakin mahaifinsa ya zura masa allurai bakwai. Biyu da baƙin zare, biyu da fari, sauran ukun kuma duk launin da tsohon ya ce. Sai ya soka su a jere a jikin ƙyallen da ke ɗaure a wuyan keken ɗinki, inda hannun Baba zai lalubo su ba wahala. Duk wanda ya leƙo ya ga magidanci mai 'ya'ya huɗu durƙushe yana lasar bakin zare saboda mahaifinsa, sai ya ce ga ɗa na gari. Maƙwabta ma sun sha faɗa masa haka a gaban idonsa, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, su ɗauka kawaici ne.

Shekara hamsin Baba Tela ya yi a kan keke. Da ɗinki ya kai Akawu makaranta har ya sami kujera a ofis, da ɗinki ya aurar da ƙanwarsa Auta. Yanzu keken ya zama teburin ajiye kofi, domin yanar ido ta rufe masa idon dama, ta kama hanyar rufe na hagu. Abin da ya rage masa shi ne faci da ɗinkin maɓalli da hannu, na yaran gida da na maƙwabta, kuma ba don kuɗi yake yi ba, don kada yini ya yi masa tsawo ne.

"Akawu," in ji shi, da yake haka yake kiran ɗan nasa tun ranar da ya fara aiki, "maganar asibitin nan fa?"

"Ana kan bi, Baba. Mutanen inshora ne ba su turo amincewa ba."

"To, Allah ya sa su turo."

Wata biyar ke nan ana wannan tambaya da wannan amsa, kuma babu wata amincewa da ake jira.

Ofishinsu Akawu yana da inshorar lafiya, kuma an ba kowane ma'aikaci dama ya sa mahaifi ko mahaifiya ɗaya. Ya sa Baba, aka buga masa kati da ɗan ƙaramin hoto: tsoho da hula da farin gemu. A lokacin Baba garau yake, ko ciwon kai sai ya shekara bai yi ba, katin yana kwance a durowa. Sai yanar ido ta kama surukin Akawu, wanda matarsa da 'yan'uwanta suke kira Abba. Maman yara ce ta fara kawo shawarar, tana guga tana magana kamar ba da gaske ba.

"Kati yana kwance ba ya tsinana wa kowa komai. Su 'yan teburin nan wa yake duba hoto? A wurinsu duk tsoho mai gemu ɗaya ne."

Gaskiyarta kuwa, ba wanda ya duba. Aka yi wa Abba aikin idon dama da sunan Baba, bayan wata biyu aka yi na hagu. Akawu ya ce wa dangin matarsa Baba ne da kansa ya ba da katin, Baba kuwa ko a mafarki bai ji zancen ba. Tun daga nan darajar Akawu ta ɗaga a gidan surukai, in ya je har gefen Abba ake shimfiɗa masa.

Shekara biyu bayan haka idon Baba ya fara hazo. Akawu ya kai shi ƙaramin asibitin unguwa, aka ba su takarda zuwa sashen ido na babban asibiti. Shi kaɗai ya je ya miƙa takardar da katin. Matar da ke teburin inshora ta danna kwamfuta, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Ai an riga an yi masa, duka biyun. Ba a biyan aiki ɗaya sau biyu a ido ɗaya."

"Ko dai kuskure aka yi?" in ji Akawu.

"In kuskure ne da sauƙi. Akwai fom, mai inshorar zai cike ya faɗi wanda aka yi wa aikin, ya sa hannu. Mu tura kamfani, su kuma su tura ofishinku a yi bincike. In ba ka?"

Ya ce bari ya je ya dawo. Ya san abin da bincike yake nufi a ofishinsu, domin ya taɓa ganin an miƙa wa wani takardar sallama a kan abin da bai kai wannan ba. Ya tambayi kuɗin aikin in mutum zai biya da aljihunsa, aka faɗa masa abin da ya fi albashinsa na wata huɗu. Ya dawo gida ya ce wa Baba ana jiran amincewa, washegari ya fara zura allurai.

Uzuri kuwa ba ya yi wa mai nemansa wuya. Da amincewa ta tsufa, sai aka ce na'urarsu ce ta lalace. Da na'ura ta gaji, sai likita ya tafi hutu. Sai kuma Maman yara ta samo wanda ya fi duka daɗewa, ta ce ta ji an ce yanar ido sai ta nuna sosai kafin a taɓa ta, gaggawa ma illa ce. Akawu ya rungumi wannan da hannu biyu, har ya kusa yarda da ita shi ma.

Ana haka duniya tana ta ƙanƙance wa Baba. Da farko ya daina zuwa bakin titi wurin abokan hirarsa, tun ranar da wani mai babur ya kusa kwashe shi. Sai ya koma zama a ƙofar gida, yana gane masu wucewa da murya. Wata rana ya gai da jikarsa ta fari da ladabi, ya ɗauka baƙuwa ce, yaran suka yi ta dariya, shi ma ya taya su. Ya zuba shayi a gefen kofi ya ƙone bayan hannunsa. Ya ɗinka wa maƙwabci jan maɓalli a farar riga, mutumin ya karɓa ya yi godiya, ya kai wa wani tela ya cire a ɓoye. Ranar da ya tuntsura daga dakalin banɗaki ya fasa goshi, Maman yara ta wanke ciwon tana faɗa.

"Haba Baba, sai ka riƙa kira a riƙe ka mana! Yanzu in mutane suka ga wannan sai su ce ba ma kula da kai."

"Yi haƙuri, 'yata. Dakalin ne ya matso, jiya ba a nan na bar shi ba."

Da yamma Akawu ya same ta a kicin, ya ja ƙofa.

"Abin nan fa ya isa haka. Ina ganin zan cike fom ɗin nan."

Ta ajiye ludayi ta juyo. "Ka cike ka rubuta sunan wa? Abba? Da girmansa a kira shi ofis ana yi masa tambayoyi kamar ɓarawo? In an kore ka kuma, yara huɗun nan me za su ci? Shi kansa Baban wa zai riƙe shi?"

"To ko mu gaya wa yayyenki su taimaka a biya?"

"Ka manta abin da ka ce musu? Ka ce Baba ne ya ba da katin da hannunsa. Yanzu ka koma ka ce ƙarya ka yi?" Ta sassauta murya. "Mu ɗan ƙara haƙuri. In an biya kuɗin makaranta na wannan zangon, sai mu fara tarawa."

Akawu ya buɗe ƙofar kicin ya fita. Ya san zango ba ya ƙarewa sai wani ya kama, kuma ya san ba ita ta tura hannunsa cikin durowa ranar da ya ɗauko katin ba. Amma yana da daɗi mutum ya sami wanda zai hana shi abin da dama yake tsoron yi.

Ranar wata Asabar Abba ya kawo ziyara, ya ji labarin faɗuwar. Ya shigo tsaf da shi, ba sanda ba tabarau, ya zauna a gefen gadon Baba. Akawu yana tsugune yana zuba musu shayi. Baba yana ta laluben wata allura da zarenta ya zare, sai Abba ya karɓa, ya ɗaga ta saitin taga, ya zura zaren tashi ɗaya.

"Ka gani? Ni da ko fuskar jikokina ba na rarrabewa. Wallahi, Tela, na daɗe ina jin nauyin ban taɓa yi maka godiya baki da baki ba."

"Godiyar me fa?" in ji Baba.

"Ta katinka mana, da ka ba da aka yi mini aiki. Ka san abin dariya? Ranar farko muna layi aka kira sunanka har sau uku ina zaune ina kallon silin, sai da yaron nan ya taɓa ni na tuna yau ni ne kai!"

Ya ƙyalƙyale da dariya. Shayin da Akawu yake zubawa ya cika kofi ya malala a faranti, bai iya ɗaga hannunsa ba. Ya saci kallon mahaifinsa. Baba ya juyo da fuskarsa saitin inda yake jin ƙarar shayin, da fararen idanun nan da ba sa ganin komai sai inuwa, ya ɗan jima a haka.

"Ba komai," ya ce a hankali. "Ai an zama ɗaya."

"Kai ma ka daure ka je a yi maka," in ji Abba da zuciya ɗaya, domin shi bai san kati yana da iyaka ba. "Minti ashirin ne fa, ka fito kana ganin tururuwa a ƙasa. Me kake jira?"

"Amincewa muke jira," in ji Baba.

Akawu ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Bayan ya raka surukinsa ya dawo, ya tsaya a ƙofar ɗakin yana jiran a kira shi a zage shi, ko a tambaye shi, ko a yi masa Allah ya isa ma, duk zai fi masa sauƙi. Baba bai kira shi ba. Washegari da ya shiga zura allurai suka gaisa kamar kullum, sai dai daga ranar Baba bai sake tambayar maganar asibiti ba.

Auta ce ta tayar da zancen. A wani gari take aure, tana koyarwa a makarantar firamare, sai an yi hutu take samun zuwa. Ta shigo da sallama ta durƙusa a gaban mahaifinta, ya miƙa hannu yana shafa iska kafin ya sami kanta. Ta ga tabon goshi, ta ga na bayan hannu, ta fito tsakar gida idonta cike da ƙwalla.

"Yaya, wata nawa ake jiran amincewar nan?"

"Kin san halin kamfanonin nan, Auta."

"Ban sani ba, amma gobe zan sani. Ba ni katin. In ba ka da lokaci ni zan kai shi, in zauna a ƙofar ofishinsu har su gaji da ganina."

Ya ga in ya bar ta ta je ita kaɗai abin zai fi muni, sai ya ɗauki uzuri a ofis ya bi su. A hanya yana ta addu'ar Allah ya sa layi ya yi tsawo, ko a ce likita ba ya nan. Ranar kuwa kamar da gayya, kafin ƙarfe goma aka kira su.

Likitar mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta sa Baba ya ɗora haɓarsa a kan na'ura, ta haska idon dama, ta haska na hagu, ta auna, sannan ta juya ga kwamfuta. Ta karanta, ta sake dawowa ta haska idon.

"Baba, an taɓa yi maka aikin ido?"

Auta ta buɗe baki za ta ce a'a, sai muryar Baba ta riga ta.

"An yi, likita. Duka biyun."

"Baba!" in ji Auta. "Yaushe?"

"Ba kya nan, shekara biyu ke nan. Na dama aka fara yi, sannan na hagu. Minti ashirin ne. Na ma tuna ranar, sai da aka kira sunana sau uku a layi kafin na ji."

Akawu yana tsaye a bayan kujera, ya riƙe ta da hannu biyu. Mutumin da ya taɓa yi masa dukan tsiya yana ɗan shekara tara saboda ya ce ya je makaranta alhali bai je ba, yau shi ne yake shirga ƙarya a gaban likita, yana aron kalmomin wani yana jerawa.

Likitar ta kashe fitilar na'urar. Ba ta dubi Baba ba, Akawu ta duba.

"Shekarata ashirin ina wannan aiki. Idon nan wuƙa ba ta taɓa shi ba. Wane ne mai inshorar?"

"Ni ne," in ji Akawu, da muryar da shi kansa bai gane ta ba.

"To ka saurara. Yanar idon dama ta wuce lokacinta, har ta fara matsa wa idon. In aka ƙara wata biyu, ko an yi aikin ba na ba ku tabbacin zai sake gani da shi. Na hagun ma yana bin sahu. Ni zan iya yin aikin ranar Litinin, amma kamfani ba zai biya ba muddin fayil yana cewa an yi." Ta jawo durowa ta ciro takarda mai shafi biyu. "Ga fom. Layi uku ne kawai da sa hannu. Ga biro, in kana so ka cike a nan."

Auta tana kallon yayanta, fuskarta tana sauyawa a hankali yayin da take haɗa ɗaya da biyu. Akawu ya karɓi takardar, ya dubi biron da ke hannun likita. Ya ga teburinsa na ofis, ya ga fuskar Abba, ya ga Maman yara da ludayi a hannu.

"Bari in je gida in cike a natse," ya ce.

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaban rigarsa. Likitar ta mayar da bironta, ta ce a kira na gaba.

A kan matakalar fita Auta ta sha gabansa.

"Yaya, wa aka yi wa aiki da katin Baba?"

"Ke Auta," in ji Baba, "ba a titi ba. Riƙe ni ta nan, shi ya riƙe ni ta can."

Haka suka sauko da shi, taka ɗaya ɗaya. Hannun Baba yana kan ƙirjin Akawu yana dafawa, sai ya ce, "Maɓallin rigar nan taka ya yi lako-lako. In mun je gida ka cire ka kawo mini."

A gida Auta ta yi kuka ta yi faɗa, ta kira abin da sunansa a tsakar gida. Maman yara ta ce ai ba da mugun nufi aka yi ba, wa ya san gobe. Auta ta ce za ta sayar da 'yan kunnenta, aka lissafa aka ga ko rabin ido ɗaya ba za su biya ba. Akawu ya yi rantsuwa cewa gobe da sassafe zai cike fom ya kai, kuma a lokacin da yake rantsuwar har cikin ransa ya yarda zai yi. Ya cire rigar ya miƙa wa Baba ta ƙofa, don ba ya iya haɗa fuska da shi.

Da safe ya shiga ɗakin. Rigar tana rataye a jikin ƙusa, an ɗinke maɓallin da lalube amma tsaf, da farin zare a farin yadi. Ya sa hannu a aljihu, babu komai. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya miƙa hannu zai ɗauko zare a kan keke, sai ya ga baƙin zaren ba a kan ƙwaryarsa yake ba. An naɗe shi a jikin wata takarda da aka ninke ta yi siriri, an yanke gefe da gefenta da almakashi yadda teloli suke yi don kada zare ya zame. A ɗan bakin da ya leƙo, ana ganin rabin tambarin kamfanin inshora.

"Baba, wannan ai fom ɗin ne."

"Takarda ce mai kauri, ta yi daidai da naɗin zare," in ji Baba. "Ni na ga abin da zan gani, Akawu. Na ga aurenka, na ga 'ya'yanka. Kai kana da sauran tafiya. Ka riƙe aikinka."

Nan fa abin da ya fi komai muni ya faru, kuma ba wanda ya gan shi sai shi kaɗai. Akawu ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin na wanda aka sauke wa kaya daga ka. Daɗi ya ji. Kafin hawaye su zo, kafin kunya ta zo, daɗin ne ya riga su, kuma ya san ko zai shekara ɗari ba zai manta da cewa shi ya fara zuwa ba.

Fom dai bai ƙare a duniya ba. Durowar likita cike take da shi, haka teburin matar nan mai tabarau, kuma motar da Akawu yake shiga zuwa ofis ta ƙofar asibitin take wucewa, safe da yamma. Baba ya san haka, shi ma ya sani.

Ya warware zaren daga jikin takardar, ya lashi bakinsa, ya nemi kafar allura. Idonsa ya cika, sau huɗu yana kuskurewa.

"Bar shi haka," in ji Baba. "Za ka makara. Dama tun makon jiya ko ka zura ba na ganin inda zan soka."

Akawu ya ajiye allurar, ya sa rigarsa mai sabon maɓalli, ya rataya jaka. A ƙofar gida ya haɗu da maƙwabcin nan mai farar riga, mutumin ya kama hannunsa da hannu biyu.

"An fito daga wurin tsoho? Kai dai Allah ya ba mu 'ya'ya irinka."

"Amin," in ji Akawu, ya wuce ya tari mota.